Ƙarfen da Ya Same Ni a Rijiyar Kuki

Makon jiya maƙwabcina ya kawo masu haƙa burtsatse. Motoci biyu suka shigo layinmu nan Dutsin-Ma da hantsi, ɗaya ɗauke da inji, ɗaya da bututai, suka toshe hanya har mai kurar ruwa ya rasa ta inda zai bi. Da suka tayar da injin, kwanukan da ke kife a madafarmu sai da suka riƙa kaɗawa. Garin dutse fari fat ya rufe ganyen bishiyar bedin ƙofar gidana. Kafin la'asar ruwa ya yi tsiri sama, yara suka yi ta ihu suna shiga ciki, ma'aikatan suka naɗe kayansu suka tafi. Babu wanda ya kai masu ko fura, babu wanda ya tambayi sunansu. Ina zaune bisa tabarma ina kallo, kuma ba zan ce abin ya dame ni ba. Ruwa dai ruwa ne, wannan ma ya fi wanda muka sha tsabta. Kalma ɗaya ce ta tsaya mani. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya yi ta ƙwala wa shugabansu kira, "Oga! Oga!" sai na tsinci kaina ina waige-waige, ina neman ƙarfe, ba mutum ba.

A ƙuruciyarmu akwai wani ƙarfe da ake kira oga. Dogo ne, kansa murɗaɗɗe kamar ƙahon rago, samansa da mariƙi a gicciye. Mutum biyu ke kama mariƙin su yi ta kewayawa, kan yana cin ƙasa yana nutsewa. In ya cika a zaro shi a kakkaɓe, a ɗaura masa wani sandan ƙarfe ya ƙara tsawo, a mayar. Da shi ake huda fadama a sa bututu don noman rani. Mu duk mun ɗauka an sa masa sunan ne don shi ne shugaban ƙarafa, tunda ’yan kudu haka suke kiran babba. Da wannan fahimtar na yi furfura.

Jikata Hafsatu, wadda ke karatu a jami'a, ita ta fito mani da ruwan alwala ta gan ni.

"Tsoho, mi ka yar kake ta dube-dube?"

Na ba ta labarin ƙarfen. Ta tsuguna ta yi ta latsa wayarta, can ta kwashe da dariya. Ta ce ogan da ake kiran shugaba daban, wannan na Yarabawa ne. Na ƙarfen kuwa Turanci ne, kunnenmu ne ya haɗa su. Ma'anarsa mahuji, na katako ko na ƙasa. Ta ce a tsohon Turanci ma ba haka yake ba, da harafin "na" a gabansa, kamar ka ce noga, kuma kalmomi biyu ne aka haɗa: ɗaya cibiyar ƙafar amalanke, ɗaya mashi. Wato mashin da ke huda cibiyar ƙafa a zura mata sandan da take juyawa a kai. Turawa na da wata ’yar kalma da suke sawa gaban suna, sai a hankali harafin ya zame ya koma jikinta, sunan ya zauna ba shi. Na ce mata to su sun yar da harafi, mu kuwa haɗiyewa muka yi. Ai alƙalami da albasa, "al" ɗin na Larabawa ne, muka haɗa da shi muka tafi. Ta ce ashe tsohon bai tsufa duka ba. Ta koma ciki, ta bar ni da butar da abin da na tuna.

Mu mutanen Wurma ne ta ƙasar Kurfi, kuma ginar rijiya muka gada. Ba mu cewa haƙa, gina muke cewa. Da an kai gero rumbu, mahaifina zai sa a kai dagi maƙera a koɗa shi, a tufka sabuwar igiya ta rama, mu fita ƙauyuka, ba mu dawowa sosai sai hadari ya fara haɗuwa gabas. Yanzu injiniya ke zuwa da na'ura ya shimfiɗa wayoyi a ƙasa ya nemi inda ruwa yake. Baba da ƙafa yake nema. Zai fita da sanyin safiya hannunsa a baya, ya tsaya gindin ɓaure, ya dubi inda kanya ta yi lif, ya ɓantari suri ya murza a tafin hannu ya shinshina, wani lokacin ya sa a harshe. In ya gama sai ya zana da'ira da ɗan yatsan ƙafa, ya ce bismillah. Ba kullum yake dacewa ba. Akwai rijiyoyin da muka bari a busshe, aka mai da su ramin shara, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba. Yakan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma wanda ya tona ma sai Allah ya ba shi.

Abin da na fi tunawa shi ne sautin aikin. Wanda ke sama ba ya jin sarar dagi a kunne, a tafin ƙafa yake jin ta, dum, dum, kamar ana daka a wani gida can ƙarƙashin ƙasa. Sai kukan igiya tana goga kan itacen ƙiryar da aka gitta a baki, har ta yi masa zane. Wanda ke ƙasa kuwa duniya ta koma masa faifai guda na haske, maganar mutane na zuwa masa a dunƙule, sai tari da kukan jaki ke isowa sarai. Matan gari su kawo koko da ɗumame da safe, fura da rana, su tsaya nesa su tambayi launin ƙasar yau. Kowa a garin ya san mun wuce jar ƙasa, mun shiga marmara, mun taɓa yumɓu. Kafin a sauka kowace safiya sai an zura fitila. In ta mutu, a yi ta kaɗa ganye a ciki har iska ta canja. Waɗanda suka yi wa maƙwabcina aiki, ko takalmi ba su cire ba.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" nake, tun ina rarrafe har na yi aure. Ba mai yawan magana ba ne, koyarwarsa ma guntu-guntu ce. Yakan ce ƙasa ba ta cin mutum sai ta yi sallama. In ka ji rairayi na zubo maka a wuya, kada ka ɗaga kai ka ga mi ne ne, kada ka nemi igiya. Ka manne da bangon gabas ka rufe fuska. Ta gabas muke fara buɗe gindin rijiya kullum, don haka nan ne ake samun ɗan loko.

Bayan ruwa ya taru a madatsar Zobe, noman rani ya buɗe, ofishin gona ya turo mutane su riƙa huda fadama. A cikinsu akwai Bitrus, Kirista ne daga kudancin Kaduna, gajere mai faɗin ƙirji, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Mai Oga ake ce masa. Ranar kasuwar garin Kuki na bi mutane na je kallo. Kafin azahar shi da abokin aikinsa sun huda, sun zura bututu, sun ɗaura inji, ruwa na gudu cikin kwamin tumatir. Mu kuwa muna iya cinye rani guda a rami ɗaya. Na dawo na gaya wa Baba da zumuɗi. Ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Daga baya sun haɗu da Bitrus a rumfar mai shayi, ina wurin. Bitrus ya gaishe shi da ladabi ya ce, in Baba na so, duk inda zai fara gini sai ya zo ya huda masa tukuna a ga abin da ke ƙasa.

Baba ya ce, "Na gode, Malam Bitrus. Ƙarfen naka yana cin marmara?"

"Ba ya ci, Baba. In ya taɓa dutse sai ya tsaya."

"To ka gani. Kai da fadama, ni da tudu. Allah ya ba kowa sa'a."

Suka yi musafaha. Ba faɗa ba ne, amma a hanya Baba ya ce mani in daina zuwa kallon abin da ba zai ci da ni ba.

A ranin nan muna gina wa wata unguwa ta arewacin Kuki rijiya. Rijiyarsu ta ƙafe, mata na tafiya mai nisa da tulu. Ina da amarya a gida da cikin fari, ƙarfina kuma ya kawo, don haka ni ke sauka; Baba ya daɗe da barin shiga, shi ke sama, ƙanensa Baffa Sale na jan ƙasa. Mun wuce marmara, muka tarar da wani sashe na rairayi mai kauri, muka tokare shi da zana da itatuwa kamar yadda aka saba. Ƙarƙashinsa wani yumɓu ne mai tauri kamar dutse, ƙarƙashin wannan kuma yashi mai danshi. Ruwa ya kusa. Ranar Lahadi ce da hantsi, ina durƙushe ina buɗe gindi ta gabas, sai na ji wani abu na zubo mani a wuya, siririn sauti kamar ana zuba gero a ƙwarya.

Ban ɗaga kai ba. Ba jarumta ba ce, jiki ne ya yi abin da aka daɗe ana gaya masa. Na faɗa cikin lokon, na kifa ƙwaryar ɗibar ƙasa a fuskata. Wani itace ya yi ƙara, sannan komi ya sauko gaba ɗaya. Hasken ya ɗauke.

Mutane kan tambaye ni mi na ji a ciki, kuma amsar ba ta gamsar da su. Rairayi ya kama ni har ƙirji, hannun hagu ya danne, na dama ne kaɗai ke motsi. Saman kaina yumɓun nan ne ya yi mani rumfa, gabana ɗan fili da bai fi cikin tulu ba. Na yi kalmar shahada. Na yi ta kuma. Daga nan sai hankalina ya tafi ga takalmana da na bari a bakin rijiya, ina tunanin wa zai kai su gida, da abin da amaryata za ta yi in ta gan su a hannun wani. Ban yi ihu ba, don na ga kowane numfashi yana da tsada. A hankali iskar ta yi zafi, kaina ya fara sarawa, wani barci mai daɗi ya riƙa jana. Ina jin dum, dum daga sama, amma nesa ƙwarai, kamar a wani gari.

Abin da ya faru a sama, Baffa Sale ne ya ba ni labari. Ya ce samarin unguwa sun yi ca za su dira, Baba ya tare bakin rijiya da dagi ya ce duk wanda ya saka ƙafa zai ƙara danne ni. Ya ɗaura igiya ya sauka da kansa, ya fara ɗiba da ƙwarya, amma in ya ɗebi ɗaya sai biyu su zubo daga bango. Ya tsaya ya auna da ido. Ya ɗaga kai ya ce, "Sale, kafin mu kai gare shi numfashi ya ƙare. A tafi a kira Mai Oga."

Wani ya hau keke ya nufi fadama. Ya tarar da Bitrus ya yi wanka, ya sa fararen kaya, zai hau babur ya tafi coci Dutsin-Ma. Haka ya iso da fararen kayan, sandunan ƙarfe ɗaure a bayan babur. Ya leƙa rijiyar ya ja da baya. Ya ce shi tunda yake bai taɓa shiga rami ba, daga sama yake aikinsa. Ya sake leƙawa. Ya cire takalmi ya ce a ɗaura masa igiyar da kyau.

Aka ciro ƙyauren wani ɗaki aka zura masu suka taka, don nauyinsu ya bazu. Baba ya nuna masa wuri a jikin bangon gabas, ya karkata hannu ya nuna yadda ƙarfen zai bi.

Bitrus ya ce, "Baba, ka tabbata nan yake?"

"In ya ji magana, nan yake."

"Ƙarfen nan ba shi da ido. In na murɗa zan iya huda shi."

"Huda shi. Rauni yana warkewa."

Wurin ba ya isa a kewaya, sai suka tsaya fuska da fuska suna miƙa wa juna mariƙin. Su murɗa, su zaro, su kakkaɓe, su mayar. Da aka ɗaura sanda na gaba, Baba ya ce Bitrus ya sake masa shi kaɗai, hannunsa zai fi gane bambancin yashi da mutum.

Ni a ƙasa na fara jin wani sauti da ban sani ba, ƙurr, ƙurr, ya yi shiru, ya dawo. Na ɗauka mala'iku ne, na ce ashe haka suke zuwa. Sautin ya yi ta matsowa har na ji rairayi na motsi kusa da kunnena. Sai wani abu mai sanyi ya taɓa kafaɗata ta hagu, ya juya, ya yage fata. Zafin ne ya farkar da ni. Na kai hannun dama na damƙe shi, na ji murɗin nan na ƙahon rago, na gane. Na girgiza shi iya ƙarfin da ya rage mani. Ya tsaya cak. Baffa ya ce a lokacin Baba bai yi kabbara ba, mariƙin kawai ya saki ya dafa bango.

Suka zare ƙarfen a hankali, suka turo bututu ta hanyar da ya buɗe, an toshe bakinsa da tsumma don kada yashi ya cika shi. Na lalubo tsumman na fizge. Iska ta shigo, ’yar kaɗan, mai ƙanshin ƙarfe da man inji. Na kafa baki na yi ta zuƙa. Can na ji murya ta cikin bututun, ƙarama kamar ta sauro, tana kiran sunana na yanka. Sau biyu. Ban gane mai kiran ba da farko, don ban taɓa jin sunan a wannan bakin ba.

Na ce, "Na'am, Baba."

Sannan ya ce, "To. Kai wannan, kada ka yi barci."

Sauran aikin na haƙuri ne. Aka kawo tsofaffin durom aka fasa gindinsu aka zura don su tare bango, aka yi ta ɗiba da ƙwarya ana miƙawa sama. Bitrus bai fita ba. Shi ke riƙe da bututun, yana yi mani hira don kada in lumshe ido: sunan garinsu, yadda ake dafa acca, ’yarsa da ta fara tafiya. Sai da rana ta yi sanyi suka kai ga kaina. Da aka fito da ni, mata na ta salati, abin da na fara gani shi ne kayan Bitrus, sun koma ja kamar an rina. Mai unguwa ya so a haɗa masa wani abu, ya ƙi. Ya ci tuwo da mu, ya ɗaure ƙarafansa, ya ce matarsa za ta yi faɗa a kan rigar. Bayan damina biyu ko uku aka canja masa wurin aiki. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san ko yana raye ba.

Mutanen unguwa suka ce a cike rijiyar, ta ɗanɗani jini. Baba ya ce jinin ɗansa ne, ba na kowa ba, kuma matansu har yanzu suna tafiya da tulu. Ya bar durom ɗin a ciki, ya ƙara tokara, ya kwashe abin da ya zube, ya jira kafaɗata ta warke.

Ranar da muka koma, an zura fitila ta fito da wutarta. Na tuɓe riga, na ɗaura igiya a ƙugu, na zauna bakin itacen na saka ƙafafu ciki. Sanyin ramin ya taɓa tafin ƙafata. Daga nan jikina ya ƙi. Ba rawa yake ba, ba kuka nake ba, kawai dai ƙafar ta zama ba tawa ba. Mutane na tsaye. Baffa Sale ya kau da kai. Tun daga ranar ban sake shiga rijiya ba, har sana'ar ta mutu a hannunmu.

Baba ya dube ni ɗan lokaci. Ya sunkuya ya kwance igiyar daga ƙuguna, ya ɗaura a nasa. A wajenmu ba a ba yaro riƙon igiya. Mai igiya shi ne mai rijiya, ran na ƙasa a hannunsa yake, kuma tun da Baba ya daina shiga bai taɓa bar wa kowa ita ba sai ranar da ya sauka nemana. Ya ɗauki dagi, ya miƙo mani ƙarshenta.

"Riƙe. In na girgiza sau ɗaya, ƙwarya ce ta cika. In ka ji na yi shiru, kada ka leƙo, ka ja."

Ya sauka, furfurarsa na ƙanƙancewa har duhu ya shanye ta. Na kafa ƙafa a jikin ƙirya na riƙe. Na ji dum, dum a tafin ƙafata. Hantsi ya yi, rana ta take, hannuna ya yi kanta, ban sauya shi ba. Can igiyar ƙwarya ta motsa. Na jawo, ta yi nauyi fiye da ɗazu. Da ta iso baki sai ga caɓi, a samansa wani ɗan ruwa ja yana rawa.

Muryarsa ta taso daga ƙasa. "Kai wannan, ɗanɗana ka gaya mani."

Na tsoma yatsa na sa a harshe. Matan da ke nesa suka matso.

"Babu kanwa, Baba. Mai daɗi ne."

"To sako ƙwaryar. Mi ka tsaya kallo?"